Gwaninta Tana Wanke Caca?

A gasar poka ta intanet dubban mutane ne ke biyan kuɗin shiga, a yi ta faɗuwa ɗaya bayan ɗaya har ya rage saura mutum biyu a teburi. A nan kuɗi mai tsoka yake, domin tazarar da ke tsakanin ladan na ɗaya da na biyu ta fi kowace tazara a gasar. Masu koyar da wasan sun ce wannan mataki karatunsa daban ne. A teburin mutum tara ɗan wasa zai iya naɗe hannu yana jiran kati mai kyau, amma idan aka koma gaba da gaba kowane zagaye sai ya yi zubin dole, mai jira kuwa kuɗinsa zai zagwanye yana kallo. As guda biyu, hannu mafi ƙarfi a wasan, sau ɗaya yake zuwa cikin rabo 221 a matsakaici. Tilas mutum ya shiga da katin da a da zai yar, ya san amfanin zama na ƙarshe wajen magana, ya karanci ɗabi'ar abokin karawa, ya iya burga. A kan wannan ne masu kare wasan suke gina hujjarsu, cewa abin da ake koyo har a ƙware a kansa sana'a ce, bai kamata a kira shi caca ba. Hujjar tana da ƙarfi, sai dai ta amsa tambayar da ba ita aka yi ba.

A fara ba su haƙƙinsu. A 2015 masu bincike a Jami'ar Alberta ta Kanada, ƙarƙashin Michael Bowling, sun sanar cewa manhajarsu Cepheus ta warware nau'in wasan mutum biyu mai ƙayyadajjen zubi, ta yadda ko mutum ya ƙare rayuwarsa yana karawa da ita ba zai iya nuna ya fi ta ba. A Janairun 2017 kuma Libratus, wadda Tuomas Sandholm da Noam Brown na Jami'ar Carnegie Mellon suka ƙera, ta kara da ƙwararru huɗu a Pittsburgh tsawon kwana 20, rabo 120,000, ta tashi da rinjayen kwandalolin wasa na sama da dala miliyan 1.7. Ba a ƙera na'urar da za ta riƙa cin wasan sa'a tsantsa. Har wani alƙalin tarayya a New York, Jack Weinstein, ya yanke a 2012 cewa gwaninta ce ta fi rinjaye a poka, ko da yake kotun ɗaukaka ƙara ta rushe hukuncin a shekarar da ta biyo, bisa wani dalili na daban. Duk wanda ya ce babu ƙwarewa a wasan bai san shi ba.

To amma malaman fiƙihu ba su taɓa auna caca da yawan sa'ar da ke cikin wasa ba. Abin da suke dubawa shi ne hanyar da dukiya ta bi ta fita daga hannu zuwa hannu. Shaɗaranji babu sa'a a cikinsa ko ƙwayar zarra, kamar darar da ake bugawa a gindin bishiya, kuma malamai sun yi saɓani a kan buga shi haka kawai. Da zarar an sa kuɗi kuwa bakinsu ya zo ɗaya a kan haramci. Sukuwar dawaki da harbin kibiya sun fi wannan fito da maganar fili. Wasanni ne na zallar iyawa, shari'a ma ta kwaɗaitar da su, ta yarda a ba wanda ya ci kyauta idan shugaba ko wani na gefe ne ya ajiye ta. Amma idan mahaya biyu kowa ya zuba nasa, wanda ya riga ya kwashe duka, mafi yawan malamai sun hana sai an shigo da na uku wanda bai zuba komai ba, mashahurin zance a mazhabar Malikiyya kuwa bai yarda ba ko da an shigo da na ukun. Ma'aunin ke nan: kowane ɓangare yana tsakanin ci da asara, kuma abin da ɗaya ya samu shi ne daidai abin da ɗayan ya rasa. Teburin mutum biyu shi ne wannan siffa tsirararta, babu ko ɗan kallo da zai rufa mata asiri.

Ko an ajiye fiƙihu gefe, lissafin wasan kansa yana kai mai neman ƙwarewa ga mararraba. Tun 1928 John von Neumann ya tabbatar da cewa wasan mutum biyu da ribar ɗaya ita ce faɗuwar ɗaya yana da salon bugu wanda ba a cin galabarsa a tsawon lokaci, kuma wannan salo ne 'yan poka na yau suke haddacewa da taimakon manhajoji. Idan gwanaye biyu suka kai nan suka haɗu, gwanintar kowa ta kashe ta ɗan'uwansa, abin da ya rage katin da ya faɗo ne kawai, shafin intanet ɗin da ake buga wasan kuma ya cire kamashonsa. Wato ƙarshen ƙwarewa tsakanin tsarar juna shi ne komawa ga sa'a. Riba tana zuwa ne idan ɗaya ya fi ɗaya, kuma 'yan wasan sun fi kowa sanin haka: suna kiran mara iyawa kifi, kuma shekaru da dama ƙwararrun intanet kan buɗe teburi su zauna, su ƙi bugawa da junansu, suna dakon baƙon da bai san dawan garin ba. Abin ya yi ƙamari har shafin poka na PokerStars ya soke irin waɗannan tebura na mutum biyu a 2016.

Za a ce ai ɗan kasuwa ma da kasada yake ci, kuma wanda ya fi wayo shi ke samu. Bambancin shi ne mai saye da mai sayarwa suna iya rabuwa kowa ya ƙaru, ɗaya da hatsi ɗaya da kuɗi. A poka ba a samar da komai, ba a musanya komai. Za a kuma ce wanda aka cinye da yardarsa ya zauna. Mai cin bashi da ruwa ma da yardarsa yake sa hannu, yardar ba ta halatta riba ba. Sannan a duba abin da ke ciyar da wannan yarda. As biyu, duk ƙarfinsu, suna faɗuwa kusan sau 15 cikin 100 a gaban katin da aka ɗauko kara zube, kuma karawar ƙarshe a gasa ba ta kai ko kusa da rabo 120,000 da aka buƙata kafin a tantance fifikon Libratus ba. Don haka mara iyawa yana ci jefi-jefi, cin da ya isa ya sa shi dawowa. A 2003 wani akanta daga Tennessee, Chris Moneymaker, ya samu kujera a babbar gasar Las Vegas ta hanyar ƙaramar gasar intanet, ya tura duk abin da ke gabansa da katin da bai haɗa komai ba, gogaggen ɗan wasa Sam Farha ya tsorata ya yar da hannun da ya fi nasa, daga baya Moneymaker ya tafi da dala miliyan 2.5. Mutum 839 ne suka shiga a shekarar. A 2006 sun kai 8,773. Sa'ar da gwani ke cewa ba ta da tasiri ita ce ke kawo masa abokan ciniki.

Aya ta 219 a Suratul Baƙara ba ta musanta cewa akwai wani amfani ga mutane a caca ba, ta dai bayyana cewa zunubinta ya rinjayi amfanin. Amfanin poka na gaske ne: nazarinta ya taimaka wajen gina ilimin yanke shawara a inda mutum bai ga abin da ke hannun abokin hamayya ba. Sai dai wannan amfani bai dogara da cin kuɗin kowa ba. Ƙwararru huɗun da suka zauna gaban Libratus ba su zuba ko sisi daga aljihunsu ba. Kwandalolin na lissafi ne kawai, kuma dala 200,000 da suka raba a ƙarshe masu shirya karawar ne suka ajiye.