Shugaba Ya Iya Zama Alƙalin Gidansa?

Aikin soja bisa biyayya aka gina shi. In hafsa ya ce a tsaya, sai a tsaya. In ya ce a shiga wuta, ba mai tambayar dalili. Ba don haka ba, da rundunar yaƙi ba ta fi taron 'yan cin kasuwa ba. Amma biyayyar nan bashi ce, da amana a ke biyanta. Duk wanda ya miƙa wuya ga shugaba, wajibi ne shugaban ya tsare masa ransa da mutuncinsa. To, yaya ke nan in cutar daga cikin bariki ta fito, watau soja ya yi wa abokiyar aikinsa fyaɗe? Wa ya kamata ya duba ƙarar, ya ce a kai ta kotu ko a bar ta?

Mutanen Amurka sun daɗe suna gardama a kan wannan tambaya. Dokar shari'ar sojansu, wadda aka kafa a 1950, ta bar ikon nan a hannun kwamanda. Masu goyon bayan haka suna da hujja mai ƙarfi. Sun ce mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo. Kwamanda shi ya san mutanensa, shi zai kai su fagen daga. In aka karɓe masa sandar horo, da me zai riƙe su?

Amma sanin nan shi ne lahanin. Wanda a ke ƙara wataƙila gwanin aiki ne da kwamanda ba ya son rasawa, ko abokinsa ne da suka sha wuya tare. Sa'an nan kowace ƙara tabo ce ga sunan rundunar, sunan rundunar kuwa shi ne tsanin girman kwamanda. Ko mutumin kirki ne, zuciyarsa ta riga ta karkata kafin ya ji shaida. Wadda aka zalunta ta san haka, ta kuma san a hannun mutumin nan ƙarin girmanta da hutunta su ke, sai ta haɗiye baƙin cikinta. Ma'aikatar Tsaron Amurka ta ƙiyasta cewa a 2012 sojoji wajen 26,000, maza da mata, aka taɓa jikinsu ta hanyar lalata ba da yardarsu ba, amma ƙararrakin da aka kai 3,374 ne.

A 2013 aka ga abin a fili. Kotun soja a sansanin Aviano, cikin ƙasar Italiya, ta kama wani hafsa da irin wannan laifi, ta ɗaure shi shekara guda. Wani janar wanda bai zauna kotun ba ya soke hukuncin da alƙalaminsa, kuma doka ta ba shi ikon yin haka. Cikin shekarar nan majalisa ta rage wa kwamandoji wannan iko. Sanata Kirsten Gillibrand ta New York ta nemi a zarce nan, a fid da ƙarar daga hannunsu ɗungum. A 2014 ta sami ƙuri'a 55 a Majalisar Dattawa, alhali 60 a ke bukata, maganar ta kwanta.

Jini ne ya tashe ta. A watan Afrilu 2020 wani soja ya kashe Vanessa Guillén, mai shekara 20, a barikin Fort Hood. Kafin mutuwarta ta gaya wa danginta wani na gaba da ita yana damunta da maganganun lalata, amma tana tsoron kai ƙara. Da aka bincika barikin, aka sauke ko aka dakatar da shugabanni 14. A Disamba 2021 Shugaba Biden ya sa hannu a dokar da ta miƙa ƙararrakin fyaɗe da kisan kai ga lauyoyin soja na musamman, waɗanda ba su ƙarƙashin kwamandan rundunar. Suka fara aiki a ƙarshen 2023.

Gyaran nan ya dace da hankali, domin ba a ba mutum ma'auni ya auna kayan da ya ke da riba a ciki. Har wanda a ke zargi ya amfana, gama in alƙalin da ba ruwansa ya wanke shi, ba mai cewa alfarma aka yi masa.

Duk da haka, kotu bayan ɓarna ta ke zuwa, rigakafi kuwa ya fi magani. An ɗauke wa kwamanda alƙalanci, ba a ɗauke masa kiwo ba. Shi zai hana wasan banza tun yana baki bai kai hannu ba. Shi zai tsawata wa masu cewa in ɓera da sata daddawa ma da wari, don su ɗora laifi a kan wadda aka cuta. Shi zai tsare mai ƙara daga ramuwar gayya. Shugaban da ya kasa kare mutanensa cikin bariki, da wane baki zai ce su bi shi fagen fama?