Ɗan Gida da Baƙo a Wurin Garkuwar Jiki

Maganin ciwon daji da ake ƙunshewa cikin ƙwayoyin nano ya tayar da wata tsohuwar tambaya ta falsafa: da me jiki ke gane nasa, da me yake gane bare? Nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita. Doxil, wanda hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da shi a 1995, maganin doxorubicin ne da aka zuba cikin ƙunshin kitse mai faɗin kusan nanomita 100, don a rage illarsa ga zuciya.

Da shigar ƙunshin cikin jini sai furotin ya manne masa, ƙwayoyin garkuwa masu haɗiye baƙin abubuwa, musamman na hanta da saifa, su kwashe shi. Shi ya sa ake lulluɓe shi da sinadarin PEG. Dabarar ba ta cika biyan buƙata ba, domin jikin wasu yakan yaƙi PEG ɗin kansa, wasu kuma numfashinsu ya sarƙe lokacin da ake saka musu maganin ta jijiya. Wani nazari na 2016 da ya tattara gwaje-gwajen dabbobi ya nuna matsakaicin abin da ke isa cikin ƙarin dajin kashi 0.7 ne cikin 100 na abin da aka saka.

Shi kuwa ƙari ɗan gida ne. Daga ƙwayoyin halittar mutum ya tsiro, har yakan taka wa garkuwa burki, lamarin da bincikensa ya kai James Allison da Tasuku Honjo ga kyautar Nobel a 2018. Ga mai taimako ana kora, ga maci amana ana ƙyalewa.

Masana sun bambanta kan abin da ke tayar da garkuwa. Macfarlane Burnet ya gina bayaninsa a kan rarrabe kai da wanda ba kai ba. A 1994 Polly Matzinger ta ce alamar ɓarna ce ke tayar da garkuwa, ba baƙunci ba. Ƙwayoyin cuta masu amfani da ke zaune lafiya a hanji suna goyon bayanta, amma korar ƙunshin da bai taɓa kowa ba ta fi dacewa da ra'ayin Burnet. Kowanne ya kama wani ɓangare ne. Garkuwa ba ta san niyya ba, alamomi kawai take karantawa, don haka masu bincike yanzu suke ƙera ƙwayoyin nano da gangan su faɗa hannunta, su nuna mata alamomin ƙarin.