Ga Wanda Ya Bar Giya Amma Barci Ya Ƙi Zuwa

Ya kai ɗan'uwa saurayi, ka tuba ka ajiye kwalba, Allah Ya karɓa. To ga shi dare ya raba, idonka biyu, kana ta juyi bisa tabarma. A nan ne Shaiɗan yake raɗa maka cewa ka kurɓa kaɗan don ka samu ka runtsa. Kul! Kada ka saurare shi.

Ka sani, giya tana kayar da mutum da wuri, amma tana danne barcin mafarki wanda ƙwaƙwalwa take bukata. Da hanta ta gama da ita sai ka farka tsakar dare, ga gumi, ga fitsari. Jikin da ya saba da haka yakan yi makonni, wani ma watanni, kafin ya daidaita. Sai haƙuri.

In ka daɗe kana sha da yawa, kunya kada ta hana ka gaya wa likita, domin kwana ukun farko akwai haɗari. In jiki ya kama karkarwa, ko kana ganin abin da babu, ko farfaɗiya ta zo, a kai ka asibiti nan take. Wallahi ana mutuwa da wannan.

Sannan ka riƙe Asuba kullum, ko ka yi barci ko ba ka yi ba, ka fita hantsi ya taɓa ka. Ƙailula kada ta wuce minti 30. Bayan La'asar ba goro, ba shayi, ba taba. In ka yi Isha'i, bar wa abokai hirarsu ka kwanta. Ƙwayar barci kuwa, kada ka saya a kemis sai likita ya rubuta.