Tukuicin Jirgin Sama: Na Wanda Ya Hau Ne Ko Na Wanda Ya Biya?

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya sauƙaƙe wa bayinSa tafiyar da a da take cin shekaru. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, kakanninmu da suka nufi Makka a ƙasa, suka bi ta Borno da Wadai da Darfur har suka kai gaɓar Bahar Maliya a Sawakin, guzurinsu a bayyane yake. Ko hatsin da mutum ya noma ne, ko saniyar da ya sayar, ko kuwa ƙwadagon da ya yi ta yi a hanya. Yau tsakanin Kano da Jidda wajen kilomita 3,400 ne, jirgin sama yakan cinye su cikin sa'a biyar ko ƙasa da haka. Ga shi kuma an samu wani irin guzuri wanda ba a gani da ido, ba a kuma riƙe shi a hannu, amma yakan kai mutum Umra ya komo da shi. Shi ne makin da kamfanonin jiragen sama suke tara wa fasinjojinsu, wanda za mu kira shi makin tukuici.

Ga yadda abin yake, domin wanda bai sani ba. Mutum yakan yi rajista da kamfani a ba shi lamba. Duk sa'ad da ya hau jirginsu sai a zuba masa maki gwargwadon nisan tafiyar ko tsadar tikitin. In makin ya taru sai ya fanshi tikitin wata tafiya da shi, ko ya sa a ɗaga shi daga kujerun baya zuwa na gaba. Ba a faye ba da kujera kyauta tsintsa ba, domin harajin filin jirgi da wasu ƙare-ƙare sai an biya su da kuɗi, kuma kujerun da ake warewa domin masu maki kaɗan ne, balle a lokacin da kowa yake son tafiya, kamar goman ƙarshe na azumi. A Amurka aka faro wannan dabara bayan dokar 1978 da ta sakar wa kamfanonin jirage mara su yi gasa, kuma shirin da ya yi fice shi ne na American Airlines a 1981. Daga baya kamfanoni suka haɗa kai rukuni-rukuni, Star Alliance a 1997, Oneworld a 1999, SkyTeam a 2000, har ya zamana makin da aka tara a wannan kamfani ana iya kashe shi a wancan. Jiragen Masar da na Turkiyya da na Habasha suna cikin na farko, na Ƙatar yana cikin na biyu, na Saudiyya kuwa ya shiga na uku a 2012. Kada kuma mai karatu ya ɗauka abin wasan yara ne. A 2020, sa'ad da annobar korona ta tsayar da jirage, kamfanin United ya jinginar da shirin makinsa ya karɓi rancen dala biliyan 6.8, Delta kuma ya karɓi biliyan 9. Abin da masu ba da rance suka yarda su riƙe a matsayin jingina, ai ba a ce da shi ba kome ba ne.

To, mene ne hukuncinsa? In mutum da kuɗinsa na halal ya sayi tikitin, maganar gajera ce. Wannan maki gyara ce, irin wadda mai hatsi yakan ƙara wa wanda ya saba awo a wurinsa. Ciniki ya riga ya cika, an biya kuɗi an hau jirgi, abin da ya biyo baya kyauta ce. Wani zai ce ai akwai ruɗu a ciki, tun da kamfani yana iya rage darajar makin a duk ranar da ya ga dama, wasu ma sukan soke shi in ya kai shekara uku ba a taɓa ba. Gaskiya ne. Amma malamanmu na Malikiyya sun bambance tsakanin ciniki da kyauta. Rashin sanin adadi yana ɓata ciniki, ba ya ɓata kyauta, domin wanda aka yi wa kyauta bai fitar da kome ba balle ya yi hasara, kuma Imam Ƙarafi ya yi bayanin wannan a littafinsa Al-Furuƙ. Saboda haka ɗan kasuwan da yake zirga-zirga tsakanin Kano da Dubai ko Guwanzu da jarinsa, in makinsa ya taru ya kai mahaifiyarsa Umra, ba mu ga abin da zai hana shi ba, sai ma fatan Allah Ya karɓa. Abin da kawai za mu ja masa kunne a kai shi ne sayar da makin a ɓoye ga dillalai, alhali ya amince da sharaɗin kamfani da ya hana haka. Farkon Suratul Ma'ida umurni ne da cika alkawari, ayar kuwa ba ta ware alkawarin da aka ƙulla da kamfanin Nasara ba.

Amma yawancin maki mai nauyi ba daga aljihun mai shi yake fitowa ba. Wa ke hawan kujerar gaba zuwa London ko Washington sau shida ko bakwai a shekara? Galibi babban ma'aikaci ne da aka aika taro, ko ɗan majalisa, ko manajan banki. Baitulmali ko kamfani ne ya biya, sunansa ne kurum a kan tikitin. Makin kuwa ya sauka a lambarsa, ba wanda ya gani, ba ya cikin takardar da akanta zai duba. Sai azumi ya kama, ka ji an ce Alhaji ya tafi Umra da iyali, kuma shi da kansa yana faɗa da murna cewa ko kwabo bai kashe ba a kan tikiti. A nan tambayar take.

Mu koma ga misalinmu na kasuwa. Ka aiki yaronka da kuɗinka ya auno gero mudu goma, mai hatsi ya yi gyara da rabin mudu. In yaron ya juye gyaran a aljihunsa ya kawo maka goma cif, ya ci amana ko bai ci ba? Kowace uwar gida ta san amsa. Ba don kyan fuskar yaron aka yi gyaran ba, don kuɗin da ya kawo ne, kuma domin a ja mai kuɗin ya sake aikowa gobe.

Haka Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hukunta. Buhari da Muslim sun ruwaito labarin Ibnul Lutbiyya, wanda aka aika karɓar zakka. Da ya komo sai ya raba kayan gida biyu, ya nuna kason jama'a, ya kuma nuna wanda ya ce shi aka ba kyauta. Annabi bai tsaya ga yi masa magana a keɓe ba, sai da ya hau mumbari ya tambayi jama'a ko da wannan kyauta za ta iske mutumin in da ya zauna a gidan iyayensa. Wannan ma'auni kuwa ya zauna daram a kan maganarmu. Ya kai mai girma darakta, da ba a naɗa ka ba, da kana zaune a shagon mahaifinka, da wane kamfani ne zai zuba maka makin zuwa London sau bakwai?

Akwai kuma wani labari a Muwaɗɗa ta Imam Malik, a farkon babin ƙirali, wanda ya fi kusa da batunmu. Abdullahi da Ubaidullahi, 'ya'yan Sayyidina Umar, sun biyo ta Basra a kan hanyarsu ta komowa daga yaƙi. Gwamnan garin, Abu Musal Ash'ari, ya ba su wasu kuɗin baitulmali a matsayin rance, su sayi kaya a Iraƙi su sayar a Madina, su miƙa uwar kuɗin ga Halifa su riƙe riba. Suka yi haka, suka ci riba. Umar ya tambaya ko duk rundunar aka yi wa irin wannan alfarma, aka ce a'a, sai ya ce su kawo uwar kuɗi da riba gaba ɗaya. Abdullahi ya yi shiru. Ubaidullahi kuwa ya yi gardama, ya ce ai da kuɗin sun salwanta su ne za su biya. Daga ƙarshe, bisa shawarar wani da ke zaune a majalisar, aka mai da abin ƙirali, baitulmali ya ɗauki uwar kuɗi da rabin riba. A lura fa, kwabo bai ɓace daga dukiyar jama'a ba, an kawo ta cif, gwamna ne kuma ya ba su da hannunsa. Duk da haka Umar bai yarda abin da dukiyar jama'a ta haifa ya tafi gidansa a ɓoye ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ma, a Kitabul Farƙi, ya lissafa gaisuwar da ake kai wa masu mulki cikin al'adun da ya yi Allah wadai da su.

Na san abin da ma'aikaci zai ce, kuma maganarsa ba ta rasa ƙamshin gaskiya. Shi ne ya sha zaman jirgi na sa'a goma sha, shi ya bar iyalinsa, kamfanin kuwa da sunan mutum yake buɗe lamba, in bai karɓa ba makin ya tafi a banza. Wannan hujja ce mai kyau ta neman izini. Ba ta zama izinin ba. A cikin hadisin Adiyyu ɗan Amira da Muslim ya ruwaito, an gargaɗi ma'aikaci kada ya ɓoye ko da allura, aka kuma nuna masa mafita: ya kawo kome, kaɗan da mai yawa, abin da aka ba shi ya karɓa, abin da aka hana shi ya bari. Ashe ƙofa a buɗe take, sai dai ta gaba ake shiga.

Abin mamaki, waɗanda ba su karanta Muwaɗɗa ba sun yi wannan shari'a sun gama. A Jamus a 2002 an gano wasu 'yan siyasa suna tafiyar kansu da makin da suka tara a tafiyar aiki, hayaniya ta tashi, har Gregor Gysi ya ajiye muƙaminsa na mai kula da tattalin arzikin birnin Berlin. A 2006 babbar kotun ƙwadago ta ƙasar ta yanke cewa makin tafiyar aiki na wanda ya biya kuɗin tafiyar ne. Amurka kuwa ta bi ɗaya hanyar: da can ma'aikacin gwamnatin tarayya ba shi da ikon taɓa makin, sai a ƙarshen 2001 aka yi doka ta bar masa. Hukunci biyu mabambanta, amma tushensu ɗaya, watau mai dukiya ne yake da ta cewa, kuma a fili ake faɗa.

A nan sai a bambance. Mai kamfani na kansa yana iya cewa ya yafe, magana ta ƙare. In kuma al'ada ta gudana a wurin aiki, masu kamfanin sun sani sun yi na'am, to al'ada tana tsayawa a matsayin sharaɗi. Dukiyar gwamnati ba haka take ba. Babban sakatare ba shi ne mai ita ba, shi ma ɗan aike ne, ba ya kyauta da abin da ba nasa ba sai in ƙa'idar aiki ta ba shi dama. Shirun da manya suka yi domin su ma suna ci ba ya zama izini.

Ko da an sami izinin ma, akwai wani rami a gaba, kuma a ganina ya fi na farko zurfi. Maki yana karkatar da zuciya, don haka ma aka ƙirƙiro shi. Sai ka ga an bar jirgi mai araha an zaɓi mai tsada domin a can lambar mai gida take. Sai a bar miƙaƙƙiyar hanya a zaga ta wata ƙasa. Sai taron da ƙaramin ma'aikaci zai wadatar, ko wanda za a iya yi ta waya, ya zama dole sai mai gida ya je da kansa, domin saura kaɗan katinsa ya zama na zinariya. Wannan ya wuce maganar gyara, ya zama an ɗebi kuɗin asibiti da na makaranta an saya wa mutum ɗaya tukuici.

Wata hanyar tara maki ita ce katin bashi na banki, wadda 'yan'uwanmu mazauna Ingila da Amurka suka fi fuskanta. Bankuna sukan sayi maki a wurin kamfanonin jirage su raba wa masu katinsu. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Riyad a shekarar 2000, ta yanke cewa katin da aka gindaya masa sharaɗin kuɗin ruwa bai halatta ba, ko da mai shi ya ƙudurta biya kafin wa'adi. Akwai malaman da suka sassauta wa mai larura a ƙasar da ba a hayar mota ko kama ɗaki sai da shi. Neman kujerar gaba dai ba larura ba ne.

Saura wanda ya riga ya tafi. Umrarsa ta yi ko ba ta yi ba? Shaihu Halil a Muhtasar ya tafi a kan cewa hajjin da aka yi da dukiyar haram ya inganta, mai shi kuwa ya yi saɓo, kuma haka Shafi'iyya da Hanafiyya suka ce. A mazhabar Imam Ahmad an ce bai isar masa ba. Ko a wurin masu sauƙin, inganci daban, karɓa daban, domin inganci yana sauke wajibi ne kurum. Gyaran kuwa ba shi da wuya. Ya rubuta wa hukumar da yake yi wa aiki ya bayyana abin da ya tara, ya nemi hukunci a rubuce. In an bar masa, ya ci da daɗi. In an hana, ya fanshi tikitin tafiyar aiki ta gaba da makin, ya rage wa baitulmali nauyi. Wanda ya riga ya kashe kuwa ya duba nawa ake sayar da irin wannan kujera a lokacin, ya cire harajin da ya biya daga aljihunsa, ya mayar da ragowar inda ta fito, ya karɓi rasit. Allah ne Mafi sani.