Kiran Wayar Aiki Da Hukuncin Sallama

Tun shekarar 2020 da annobar korona ta sa aka rufe ofisoshi, ma'aikata da yawa suka koma yin aiki daga gida, har yau kuwa akwai waɗanda ke kan haka. Wayar salula guda ce a hannun mutum, da ita yake gai da mahaifiyarsa, da ita kuma shugabansa na ofis ke nemansa. To, yaushe amsa kira ke zama wajibi, yaushe kuma ya halatta a ƙyale?

Wanda aka ɗauka aiki bisa sa'o'i sanannu, malaman fiƙihu sun ce lokacin nan haƙƙin wanda ya ɗauke shi ne. Zaman gida bai sauke wannan nauyi ba. Ma'aikacin da ya ga kira da hantsi ya kau da kai yana hira a ƙofar gida, sa'an nan wata ya ƙare ya karɓi albashi cif, ya ji tsoron shiga sahun masu tauye mudu da Suratul Muɗaffifina ta yi wa narko. Mafi muni shi ne ya ce wai babu sabis, ko ya miƙa wa yaro wayar ya ce a ce ba ya nan. Ya yi ƙarya, ya kuma koyar da ita.

Amma fa shugaba shi ma da iyakarsa, kuma nan ne aka fi yin sakaci. Kiran waya sallama ce a ƙofar gida. Aya ta 58 ta Suratun Nur ta keɓe lokuta uku, watau kafin sallar Asuba, da tsakar rana sa'ad da ake tuɓe tufafi don ƙailula, da bayan sallar Isha'i. A cikinsu ko yaran gida sai sun nemi izini kafin su shiga wa iyayensu. In ɗan da aka haifa a gidan aka yi wa wannan iyaka, ina ga wanda albashi kaɗai ya haɗa su? Aya ta 28 kuma ta nuna idan aka ce wa mai sallama ya koma, komawar ita ce mafi tsarki gare shi. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Abu Musal Ash'ari ya yi sallama sau uku a ƙofar Sayyidina Umar, da bai ji izini ba sai ya juya, ya kuma kafa hujja da koyarwar Annabi (S.A.W.). Wannan fa ƙofar Halifa ce! Saboda haka shugaban da ya jera kira goma da ƙarfe sha ɗaya na dare, gari ya waye yana fushi, ba shi da abin kamawa. Ko ƙasar Faransa, daga farkon 2017, ta ba ma'aikata haƙƙin rabuwa da saƙonnin ofis bayan tashi daga aiki.

Maganin jayayya shi ne a yi sharaɗi tun farko, a rubuce: daga ƙarfe kaza zuwa kaza, da abin da za a kira gaggawa. Likitan da ya karɓi aikin jiran kira da dare, alkawari ya ɗauka, sai ya cika. Mai hali ya ware layi dabam domin aiki, ya kashe shi in an tashi. Lokacin salla kuwa a kashe ƙarar waya, a mayar da kira bayan an idar.

Saura batun sirri. Zancen ofis amana ne, gida kuwa cike yake da kunnuwa. Bai dace a buɗe murya a tsakar gida ana ambaton bashin wani ko rashin lafiyarsa ba, haka nan bai halatta a naɗi muryar mai kira a yaɗa ba tare da yardarsa ba. Allah ne Mafi sani.