Rina Gashin Yaro: Ado Ne Ko Cin Amana?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya halicci ɗan Adam kuma Ya kyautata surarsa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabin rahama Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ƴan uwa Musulmi, abin da ya jawo wannan rubutu wata tambaya ce da aka yi a wani majalisin karatu a nan garin Dakoro, ana saura ƴan kwanaki a yi ƙaramar Salla. Wani bawan Allah ya matso gaban malam ya ce: "Allah gafarta Malam, maiɗakina ce ta aiko ni. Ɗiyarmu ƴar shekara uku gashinta ya yi ja, mata suna yi wa uwarta gori, tana so ta rina mata shi baƙi kafin Salla. Shin ya halatta?" Kafin malam ya amsa, sai wani dattijo ya ce shi kuma jikansa ne aka rina wa kai ya koma ruwan ɗorawa, wai irin na ƴan ƙwallo. Jama'a suka yi dariya. Malam bai yi ba.

Haƙiƙa tambayar ta fi ƙarfin a ce "halal" ko "haram" a tashi. Akwai wata a ƙarƙashinta wadda ta fi ta nauyi, ita ce: kan yaro mallakar wa ne, kuma ina iyakar ikon iyaye a kan jikin da bai san ya ce a'a ba?

Abin da shari'a ta ce game da rini

Wajibi ne mu fara da adalci, kada mu haramta abin da Allah bai haramta ba. Rina gashi a asalinsa halal ne. Imamu Muslim ya ruwaito cewa a ranar buɗe Makka, shekara ta 8 bayan hijira, an zo da Abu Ƙuhafa, mahaifin Sayyidina Abubakar, kansa da gemunsa fari fat, sai Annabi (SAW) ya yi umurni a canja launin furfurar, amma a nisanci baƙi. Imamu Malik a cikin Muwaɗɗa ya nuna cewa wasu launuka sun fi soyuwa gare shi bisa baƙi. Risalar Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, wadda ɗalibai ke karantawa a zaurukanmu, ta sanya baƙin rini cikin makaruhi ba tare da haramtawa ba, ta kuma ce babu laifi a yi da lalle.

Amma a lura da kyau: duk wannan magana a kan furfura ake yin ta, wato a kan baligi mai hankali wanda ya zaɓa wa kansa. Yaro ba shi da furfura, ba shi kuma da zaɓi.

Wannan ba ya nufin shari'a ta manta da kan yaro. A ranar suna wanzami yakan aske jariri, a yi sadaka da azurfa daidai nauyin gashin, kamar yadda Nana Faɗima ta yi wa ƴaƴanta. Mutanen jahiliyya sun kasance suna shafa wa jariri jinin dabbar suna a ka, sai Musulunci ya kawar da jinin, ya yarda a shafa za'afaran mai ƙanshi a madadinsa. Haka nan Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar hani ga aske wani sashe na kan yaro a bar wani sashe, abin da ya yi kama da zanko da tukkun da aka saba yi wa yara a ƙasar Hausa. Wanda ya haɗa waɗannan uku zai ga hanya ɗaya suka bi: tsabta da ƙanshi da abin da ba ya cutarwa an buɗe ƙofarsu, ƙazanta da muzanta halitta kuwa an rufe.

Kiwo aka ba mu

Annabi (SAW) ya kamanta kowannenmu da makiyayi wanda za a tambaye shi abin da aka ba shi kiwo, ya ambaci namiji a cikin iyalinsa, da mace a gidan mijinta da ƴaƴansa. Mutanen Dakoro ba su bukatar dogon sharhi a kan wannan misali, domin muna zaune ne a inda gona ta ƙare makiyaya ta fara. Kowa ya san Bafulatanin da aka ba kiwon saniya ba ya tsaga mata kunne ko ya yi mata shaida yadda ya ga dama, don kuwa ya san akwai mai ita, kuma akwai ranar da za a zo a duba.

To haka yaro yake. Ikon da uba da uwa ke da shi a kansa iko ne na wakilci, kuma malaman fiƙihu sun ɗaure ikon waliyyi da maslahar wanda yake riƙo. Shi ya sa ba a yarda waliyyi ya yi kyauta da dukiyar maraya ba, ko da niyyarsa kyakkyawa ce. Idan an tsare dukiyar yaro har haka, ina ga fatarsa da jininsa? Ana yi wa yaro kaciya, ana yi masa allurar rigakafi yana kuka, duk da haka ba a kira shi zalunci, saboda amfanin nasa ne. Ke nan ma'aunin shi ne: amfanin wa ake nema? Idan uwa ta tsaya ta tambayi zuciyarta, sau da yawa za ta tarar cewa idon maƙwabta ake yi wa adon, yaro kuwa shi ke ɗaukar haɗarin.

Me ke cikin ƙullin?

Sai mu duba ko akwai haɗarin da gaske, domin ƙa'idar da ke cewa ba a cuta kuma ba a cutarwa tana aiki ne idan cutar ta tabbata. Lallen da iyayenmu suka sani ganye ne, a shanya, a daka, a tankaɗe. Tsohon abu ne a wurinmu, har sunan Birnin Lalle, tsohon mazaunin Gobirawa da ke cikin wannan gunduma, yakan tuna mana da shi. Launinsa ja ne mai duhu, kuma sai ya ɗauki sa'o'i kafin ya kama. Ganyen lalle shi kaɗai ba ya ba da baƙi wuluk.

Abin da ake kira baƙin lalle ko dayis, wanda ke kamawa cikin ɗan lokaci, galibi yana ɗauke da wani sinadari da ake taƙaita sunansa da PPD, shi ne kuma ke cikin mafi yawan baƙin rinin gashi na kwali. Wannan sinadari yana sa jikin wasu mutane ya ƙi shi, fata ta yi ja, ta yi ƙaiƙayi, ta yi bororo. Alamar takan jinkirta kwanaki, wani lokaci har mako biyu, sai iyaye su ɗora laifin a kan wani abu daban. Wanda jikinsa ya taɓa ƙin sa kuwa, yawanci haka zai zauna har ƙarshen rayuwarsa. Saboda haka ne dokar Tarayyar Turai ta ƙayyade shi a rinin gashi kada ya wuce kashi 2 cikin 100 bayan an haɗa, ta hana a yi zane da shi a fata, ta kuma wajabta a rubuta a jikin kwali cewa ba a yi shi don wanda bai kai shekara 16 ba. Wanda ake ƙullawa a leda a kasuwa, ba suna ba awo, wa ya san abin da ke cikinsa?

Idan yaro ya haɗiye shi, lamarin ya fi muni: fuska da harshe da maƙogwaro su kumbura har numfashi ya toshe, fitsari ya yi duhu, ƙoda ta tsaya, kuma ba shi da makari. Likitoci a birnin Khartum na ƙasar Sudan, inda ake yawan gauraya lalle da wannan sinadari, sun ba da rahoton yara 31 da suka sami wannan guba tsakanin 1984 da 1989, 13 daga cikinsu suka rasu. Shi kuma rinin da ke mai da gashi ruwan ɗorawa, aikinsa cinye launin gashi ne da sinadarai masu ƙuna, fatar kan yaro kuwa ba ta kai ta babba ƙwari ba. Irin wannan ado shi ne kyan ɗan maciji.

Ko lalle na asali ma akwai togaciya a kansa. Akwai wani rauni na gado a cikin jajayen ƙwayoyin jini da likitoci ke kira ƙarancin G6PD, ya fi yawa ga ƴaƴa maza, kuma ya yaɗu a ƙasashen da zazzaɓin cizon sauro ya yi yawa, irin tamu. Jariri mai wannan rauni idan aka shafe masa jiki da lalle, ƙwayoyin jininsa na iya farfashewa. A shekarar 1996 likitoci a Kuwait sun bayyana labarin jarirai maza 15 da haka ta same su. Ba a gane mai wannan rauni da ido, sai da gwajin jini.

Gashin da ya yi ja

Mu koma ga yarinyar da aka yi tambaya a kanta. Amsar malam ita ce: "Kada ku rina, ku kai ta asibiti a auna ta." Dalili kuwa, gashin ƙaramin yaro da ya canja ya yi ja, ya yi laushi, yana tsinkewa, yana cikin sanannun alamomin tamowa, musamman idan ƙafafu sun kumbura. Ba kowane jan gashi ne ciwo ba, wani halitta ne, amma ma'aikacin lafiya ne zai rarrabe. Mutanen jihar Maraɗi ba su manta da shekarar 2005 ba, lokacin da ƙungiyar likitocin agaji ta MSF ta buɗe cibiyar kula da yara masu tamowa a nan Dakoro.

Wannan uwa ba muguwa ba ce, kunya ce ta dame ta. Amma da ta rina gashin, da ta shafe wasiƙar da jikin ɗiyarta ya aiko mata. Laifin ma ba nata ne ita kaɗai ba. Masu gorin da suka mai da rashin lafiyar yaro abin kunya suna da kaso, haka maigidan da bai binciki abin da ke shiga cikin ƴaƴansa ba. Kuɗin rini da an sayi ƙwai da wake da ƙuliƙuli da su, da sun fi amfani.

Hujjar masu cewa an tsananta

Wani zai ce: "Salla ranar farin ciki ce, yarinya ta ga ƙawayenta da ƙunshi, a hana ta? Mu ma an yi mana, ga mu da ranmu." Akwai gaskiya a cikin wannan magana, bai kamata a yi watsi da ita ba. Faranta ran yaro ibada ce, kuma addinin da ya yarda da za'afaran a kan jariri ba ya gaba da ado. Wanda ya sa ƴaƴansa suka tashi suna ganin Musulunci hani ne kawai, shi ma ya yi ɓarna.

Sai dai abin da aka yi mana da abin da ake yi yau sunansu ne ɗaya, kayan sun bambanta. Kakanninmu ganye suka daka, shuni suka shafa a kitso. Sa'annan waɗanda suka tsira su ke ba da labari. Yaron da ya kumbura aka ce iska ce ko sammu, ba a lissafa shi ba. Game da cewa yaron ne ya nema da kansa, ai yaro yakan nemi wasa da garwashi. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba, kuma don haka ne aka ɗora mana nauyinsa.

Abin da ya kamata

Na farko, kada a sa wa yaro rinin kwali, ko mai mai da gashi ruwan ɗorawa, ko baƙin lalle, a ka ne ko a hannu. Na biyu, kada a shafa wa jariri da ƙaramin yaro lalle ko da na ganye ne. Wanda aka san yana da raunin jinin nan kuwa a nisanta shi da lalle ɗungum. Na uku, yarinyar da ta tasa, idan tana so, a yi mata da lallen da aka san asalinsa, kaɗan, a fara gwadawa a ɗan wuri a jira kwana biyu, kuma kada a sa a kan ƙurji ko rauni. Na huɗu, a ajiye kayan rinin manya inda hannun yaro ba ya kaiwa. Na biyar, idan bayan ƙunshi ko rini aka ga kumburin fuska, ko wahalar numfashi, ko idanu sun yi shawara, ko fitsari ya yi duhu, a garzaya asibiti a lokacin, a tafi da ragowar abin da aka shafa, a faɗa wa likita gaskiya.

Masu ƙunshi da masu aski da ƴan kasuwa su ma su ji tsoron Allah, domin ɓoye aibin haja algus ne, kuma ba a gina halal a kan fatar ɗan wani. Malamai mata a makarantun Islamiyya su isar da wannan ga iyaye mata cikin hikima, ba da gori ba.

Allah Ya riga Ya ƙawata ƴaƴanmu kafin mu gan su. Abin da ke kanmu shi ne wanka da kitso, da tufa mai tsabta, da abinci mai gina jiki, da tarbiyya tagari, har mu mai da amana ga Mai ita ba tare da tabon da hannunmu ya yi ba. Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare mu ne. Allah Ya raya mana zuriyarmu bisa Musulunci, Ya ba marasa lafiya sauƙi, Ya sa mu dace. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.