Yaushe Baƙo Yake Zama Ɗan Gari?

Ranar da aka yi jana'izar tsohuwar, ina zaune wurin gaisuwa a Jiratawa sai na ji wani saurayi yana tambayar abokinsa ko wa ya rasu. Abokin ya ce: "Tsohuwar nan ce, ƴar Dahome." Maganar ta tsaya mini a rai, domin marigayiyar ta haura shekara 90, kuma fiye da 60 daga cikinsu a ƙasar Maraɗi ta yi su. Mai yiwuwa ma ita ce ta yanke cibiyar mahaifiyar mai maganar.

Ta zo ne tana budurwa, a ƙarshen mulkin mallaka, lokacin da Faransa take kawo malaman makaranta da akawuna da ma'aikatan jinya daga Dahome da Togo. Ta yi allura, ta karɓi haihuwa, ta kwana a kan masu baƙon dauro da sanƙarau. A nan ta yi aure, a nan ta haihu, ta aurar. A watan Disamba na 1963, sa'ad da rikicin tsibirin Lete ya tsananta, gwamnatin Nijar ta kori ƴan Dahome masu yawa. Ita aure ya riƙe ta, amma ta ga abokan aikinta sun ɗaure kaya cikin ƴan kwanaki. Bayan ta ajiye aiki ba ta ajiye jinya ba. A shekarar yunwa ta 2005, tana dogara sanda, ita ce take bi gida-gida tana matsa wa iyaye su kai yara masu tamowa likita.

To, yaushe ne baƙo yake zama ɗan gari? Hausawa sun ce baƙo raɓa, ɗan gari kaba: raɓa ta kwana ɗaya ce, kaba kuwa saiwarta tana ƙasa. Amma me za mu kira raɓar da ta shekara 60 tana shayar da kabar?

Idan muka ce asali ne ma'auni, tarihinmu zai ba mu kunya. Sarautar Maraɗi, Katsinawa ne suka kafa ta bayan jihadi ya raba su da birninsu, har Ɗan Kasawa ya zauna nan wajajen 1819. Tsibiri kuwa, Gobirawa ne suka kafa ta bayan yaƙin Gawakuke na 1836. Dukansu gudun hijira ya kawo su, kuma sun tarar da mutane a bakin gulbi. Ɗan gari, in an bi salsala, baƙo ne da aka manta ranar zuwansa. Mu ma mun ɗanɗana ɗacin kora: a Gana a 1969, ƴan'uwanmu da suka tsufa a zango sun dawo da abin da kai zai iya ɗauka.

Wani zai ce, to, aiki ne ma'auni: wanda ya yi wa gari hidima ya zama nasa. Wannan amsa tana da daɗin ji, kuma akwai shaidarta a ƙofar gidanmu. Asibitin kutare na Danja, wanda ƴan mishan na SIM suka buɗe a 1956, baƙi ne suka wanke gyambon da dangi suke ƙyama. Sai dai akwai tarko a cikinta. Idan sai baƙo ya yi mana amfani muke karɓarsa, ciniki muke yi, ba zumunci ba. Ɗan gari yana iya zama malalaci har ya mutu, ba mai tambayarsa dalilin zamansa. Don me baƙuwa za ta biya kuɗin zama da rayuwarta duka, sannan a ƙarshe a ce da saura? Ina matsayin wanda ya zo hannu biyu, ba ilmi ba ƙarfi?

A nan ne nake ganin mun juya tambayar. Zama ɗan gari ba jarrabawa ba ce da baƙo zai ci. Alkawari ne da masu masauki za su cika. A Faransanci kalma guda, hôte, ita ce baƙo, ita ce kuma mai masauki, kamar harshen ya gane cewa matsayin biyu musanya suke yi. Mutanen Madina kuwa, a shekarar hijira ta 622, ba su jira Muhajirai su nuna amfaninsu ba kafin su raba gida da gona da su. Karɓa ce ta zo farko, alheri ya biyo baya.

Tsohuwar ta sauke nata nauyin tun da daɗewa, har ta ƙara da wanda ba a ɗora mata ba. Abin da ya rage namu ne. Jikokinta suna nan, Hausa ce harshensu, nan aka binne cibiyarsu. Ranar da wani ya nuna ɗayansu ya ce "jikan ƴar Dahome", ya kamata a sami mai ce masa: "A'a, malam, jikan tsohuwarmu ne." In ba a samu ba, ba ita ce ta kasa zama ƴar gari ba, mu ne muka kasa zama gari.